Agogon Gudu Ya Yi Ƙarya, Wa Za a Kai Wa Ƙara?

Da za a ce wa injiniyoyin da suka ƙera GPS su zaɓi wurin da na'urarsu za ta fi sakewa ta yi aiki, da ƙasar Gaya da Ajingi tana cikin wuraren da za su nuna. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba wani babban tsauni mai tare sama, ba benaye masu hawa goma, ba kurmin da rana ba ta ratsawa. Ka fita bayan garin Kademi da rani, bayan an kawar da amfanin gona an kwashe kara, sama a buɗe take daga gabas har yamma. Abin da na'urar ke buƙata ke nan. Amma duk da haka samari biyu za su tashi daga bakin gari tare, su yi sassarfa kafaɗa da kafaɗa, su dawo tare, agogon ɗaya ya ce kilomita 5, na ɗayan ya ce 5.6. Wani lokaci ma a buɗe taswira a waya, a ga zanen ya nuna mutum ya keta ta tsakiyar gonar wani ko ya haura katangar makaranta, alhali ƙafarsa ba ta bar kan hanya ba.

Wani zai ce wannan ai damuwar masu ƙoshi ce. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Masu ɗaura irin wannan agogo a yankin ba 'yan gayu kaɗai ba ne. Akwai saurayin da ke shirin zuwa tantancewar soja ko 'yan sanda, wanda ya san za a sa shi gudu a duba lokacinsa. Akwai 'yan ƙwallo, akwai ɗalibai daga Wudil, akwai dattijon da likita ya ce masa ya riƙa tattaki kullum saboda suga ko hawan jini. Ɗauki mai shirin tantancewa: idan yana cinye kilomita 3 cikin minti 15, agogonsa kuma yana ƙara masa kashi 5 cikin ɗari na tazara, to mita 150 yake ba shi kyauta, wato kusan daƙiƙa 45 ta gudu. Ranar da aka tsayar da shi a filin da aka auna da gaske, babu mai ba shi wannan kyauta.

Sai an san yadda abin yake aiki kafin a san inda za a ɗora laifi. GPS mallakar gwamnatin Amurka ce, don soja aka fara gina ta. An harba tauraron farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, yau kuma akwai taurarin ɗan'adam kusan 31 da ke zagaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne sau biyu a kwana ɗaya. Mutane da yawa suna zaton tauraron ne ke hango su. Ba ya ganin kowa. Abin da yake yi kawai shi ne yaɗa saƙo ba dare ba rana: ga inda nake, ga lokacin da na aiko wannan. Agogon hannunka saurare kawai yake yi, ba ya mayar da amsa, kuma ba ya buƙatar sabis ɗin waya don ya ji. Yana duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ya mayar da shi nisa. Da ya samu taurari huɗu ko fiye, sai ya lissafa inda kake tsaye. Wahalar ita ce saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake. Abin mamakin ba kuskuren da agogo ke yi ba ne, yadda ɗan abin da bai fi murfin kwalba ba yake iya kusantar daidai shi ne abin mamaki.

Har zuwa watan Mayu na 2000, Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, ta yadda kuskuren kan kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umarnin a daina. Shekara uku bayan nan, a 2003, kamfanin Garmin ya fito da agogon gudunsa na farko mai suna Forerunner. Yau hukumomin Amurka da kansu suna cewa wayar hannu a buɗaɗɗen fili takan gano wuri cikin da'irar kusan mita 5. Kuma GPS ta samu kishiyoyi: GLONASS ta Rasha, Galileo ta Tarayyar Turai, BeiDou ta Sin. Agogo mai kyau yana sauraren biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Mita 5 ba komai ba ce ga direban da ke neman kwanar Gaya. Ga mai gudu kuwa magana ce, domin agogo ba ya auna hanya kai tsaye. Ɗigo yake ajiyewa duk daƙiƙa, ya haɗa ɗigon da layi, ya tara tsawon layukan. Idan kowane ɗigo ya ɗan karkace hagu ko dama, layin sai ya fito a karkace, layi karkatacce kuwa ya fi miƙaƙƙe tsawo. Masu bincike a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya sun nuna da lissafi cewa irin wannan kuskure yakan ƙara tazara, ba ya rage ta. Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa suke sa manhaja ta goge karkacewar. In ta goge fiye da kima sai ta yanke kwana, tazara ta ragu. A 2020 cibiyar nazarin wasanni ta ƙasar Suwizalan da ke Magglingen ta gwada agoguna takwas na manyan kamfanoni, ta tarar matsakaicin kuskurensu yana tsakanin kashi 3 da 6 cikin ɗari, kuma a cikin gari da cikin daji sun fi rage tazara. Waɗannan fa agogunan kirki ne, ba na bakin titi ba.

Hazon hunturu ba ya hana GPS aiki, haka gajimare da ruwan sama, ko da yake su aka fi zargi. Abin da ke damun ta shi ne abin da ya tare sama ko ya karkatar da saƙo: inuwar mangwaro da darbejiya masu duhu, rufin kwano da saƙon kan buga ya dawo ya iso a makare, lungunan kasuwar Kurmi, layukan Kantin Kwari da benaye suka rufe. Jikin mutum ma yana tarewa, ga hannu yana lilo gaba da baya da eriyar da ba ta kai farce ba. A filin Kademi yawancin waɗannan babu su. Don haka a ganina, duk agogon da ya yi kuskuren kashi 10 cikin ɗari a kan miƙaƙƙiyar hanya a wannan yanki, kada a ɗora wa sama laifi. A duba agogon.

Abu na farko da za a duba, yana ma da GPS ɗin? Da yawa daga cikin agogunan da ke cika gilashin shaguna a Farm Centre da Titin Beirut ba su da ƙwayar GPS ko ɗaya a cikinsu, duk da an rubuta harufan uku a kwali. Wasu wayarka suke jingina da ita ta Bluetooth, su ari wurin da ta gano. Wasu kuma taku kawai suke ƙirgawa, su ninka da tsawon takun da suka ƙiyasta daga tsayinka. Na farkon yana aiki muddin wayar tana jikinka kuma ba ta yi barci ba. Sai dai wayoyin Android da yawa, don tattalin batir, sukan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar an rufe fuska an sa a aljihu. Sakamakon shi ne dogon layi miƙaƙƙe a taswira daga inda wayar ta yi barci zuwa inda ta farka. Na biyun kuwa ƙiyasi ne tsagwaronsa, in ka gajarta taku don gajiya shi bai sani ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka bar waya a ɗaki, ka fita da agogon kaɗai. In bai iya zana hanyarka ba, ba shi da GPS, komai rantsuwar mai shago.

Ko agogon da ke da ita ma, halin wuta yakan sa mai shi ya ɓata awonsa da hannunsa. Wanda sai ya kai caji shago ko ya jira sola, dole ya nemi abin da zai ja masa kwana. Sai ya kunna tsarin tattalin batir, wanda ke sa agogo ya riƙa leƙa taurari jefi-jefi maimakon duk daƙiƙa. A hanyar gona mai lanƙwasa, duk kwanar da ta faɗo tsakanin leƙe biyu ta tafi ke nan.

Akwai matsala guda da ta fi shafar mu fiye da mutanen Turai, ba kasafai kuma littafin da ke cikin kwali yake ambata ta ba. Can sama, daga kusan kilomita 60 zuwa 1,000, akwai wani ɓangaren iska da hasken rana ke cika wa da caji. Saƙon tauraro dole ya ratsa ta nan, kuma yana jinkirta shi. Wannan ɓangare ya fi rikici a kewayen layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, layin kuwa ya ratsa arewacin Najeriya, ba nisa da Kano. Bayan faɗuwar rana, musamman a watannin Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, yakan yamutse har saƙo ya riƙa rawa, wani lokaci ya yanke. Abin yakan tsananta a shekarun da rana take kan ganiyar tashin hankalinta, wanda ke zagayowa kusan duk shekara 11, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka sanar an shiga wannan ganiya. A watan Mayun shekarar, wata guguwar rana ta sa taraktocin manoman Amurka masu bin GPS suka kauce wa layi ana tsakiyar shuka. Mai tattaki bayan isha'i zai iya ganin zanensa ya fi na asuba karkacewa. Sababbin agoguna masu sauraren zango biyu na saƙo, irin waɗanda Coros ya fara fitarwa a 2021, Garmin da Apple suka biyo a 2022, suna rage jinkirin sama da kuma saƙon da ya bugi gini ya dawo. Kada dai a zuzuta wannan. Ga masu safiyo da matuƙan jirgi babbar magana ce, ga mai gudun safe kuwa 'yan mitoci ne.

Babban abin da ya fi jefa agogo mai kyau cikin shirme shi ne wani ɗan fayil da yawancin masu shi ba su san da zamansa ba. Tauraro yana aiko da bayanin hanyarsa a hankali ƙwarai, cikakken jadawalin duka taurari yakan ɗauki minti 12 da rabi kafin ya gama sauka. Ba mai gudun da zai tsaya jiran wannan. Don haka kamfanoni suke lissafa inda kowane tauraro zai kasance cikin 'yan kwanaki masu zuwa, su tura wa agogo ta waya duk lokacin da aka haɗa su. Kamar duban jinjirin wata ne: wanda aka nuna wa daidai inda zai tsaya yakan gan shi nan take, wanda ba a nuna wa ba sai ya yi ta lalube a sama. Fayil ɗin yana tsufa cikin kwanaki. Wanda ya yi mako biyu ba data, ko sabis ɗin garinsu yana zuwa yana ɗaukewa, agogonsa zai daɗe yana nema, in kuma ya ƙosa ya fara gudu kafin ya gama kamawa, kilomitar farko a karkace za ta fito.

In an nuna maka wurin da ba nan watan yake ba fa? Haka ta faru a farkon Janairun 2021. Fayil ɗin da ake tura wa agoguna masu ƙwayar GPS ta kamfanin Sony ya zo da kuskure, sai masu Garmin da Suunto da Polar da Coros a faɗin duniya suka wayi gari zanen gudunsu ya kauce daga titi gaba ɗaya. Mutane sun yi ta goge agogo suna sake saiti, suna zargin kansu, alhali laifin yana can a rumbun kamfani. An gyara cikin 'yan kwanaki. Ranar 28 ga Janairun 2025 aka maimaita da wadda ta fi muni. Wani gurɓataccen fayil ya sa agogunan Garmin masu yawa, har da Forerunner 265 da 965 da Fenix 8, suka maƙale a kan wata shuɗiyar alama mai kusurwa uku da zarar an kunna GPS, suna mutuwa suna tashi. Fenix 8 agogo ne da ya fito a 2024 a kan kusan dala 1,000, wato sama da naira miliyan ɗaya. Kamfanin ya amsa laifi, ya cire fayil ɗin, ya fitar da matakan gyara. Amma wasu agogunan sai an haɗa su da kwamfuta, wasu sai an mayar da su yadda suka fito daga masana'anta, abin da ba a riga an tura waya ba ya salwanta. Ka ƙaddara wannan ya samu saurayi a Toranke ko Balare, ba kwamfuta, sanarwar kuma da Turanci a shafin da bai taɓa buɗewa ba. Abin da zai yi shi ne ya kai wa mai gyaran waya, shi kuma ya ɓalle bayan agogon yana neman abin da ya ƙone, ya lalata robar da ke hana ruwa shiga, a kan cutar da ba ta cikin ƙarfe.

A nan ne maganar kula da mai saye ta shigo, kuma a nan na fi ganin gazawa. Duk wanda ya taɓa rubuta wa irin waɗannan kamfanoni ƙorafi ya san amsar tun kafin ta zo: sabunta manhaja, haɗa agogo da waya, tsaya a fili na 'yan mintuna kafin ka fara, in bai yi ba ka goge komai. Adalci shi ne a faɗa cewa waɗannan matakai suna warkar da yawancin matsaloli, ba yaudara ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne kamfanonin ba sa rubuta wa mai saye a fili iya kuskuren da suka yarda agogonsu zai yi. Za a gaya maka batir yana kwana nawa, ruwa mai zurfin mita nawa yake jurewa, amma ba za ka ga an ce in tazara ta kauce da kashi kaza a buɗaɗɗen fili, agogon ya lalace, kawo a canza maka ba. Tunda babu iyaka a rubuce, kowane kuskure ana iya kiransa halin GPS. Ƙaramin kuskure halinta ne, gaskiya. Babba kuwa aibi ne. Barin su a cakuɗe kamfani yake yi wa amfani.

Sannan agogon zamani ba kamar Seiko ɗin kakanninmu ba ne da in ka saya ka gama da kamfani. Igiyarsa tana hannun masu shi har ya mutu. Ranar 23 ga Yulin 2020 'yan kutse masu neman kuɗin fansa suka rufe kwamfutocin Garmin. Kwanaki ana jira, manhajar Garmin Connect ba ta aiki, layukan kiran masu ƙorafi da imel ɗinsu ma duk sun mutu, sai ranar 27 ga watan kamfanin ya fito ya tabbatar hari ne. Wannan tsautsayi ne, ya wuce. Na TomTom kuwa shawara ce aka yanke. Kamfanin na ƙasar Holan ya janye daga kasuwar agogon wasanni a 2017, ya rufe manhajar agogunan a ƙarshen Satumban 2023. Agogon yana nan lafiya lau a ido, amma gidan da yake kai rahoto an rushe shi. Irin waɗannan ne Bature kan sayar da arha, su biyo kwantena su faɗo cikin kayan kwance. Mai saye ya ga suna babba da farashi ƙarami, bai san an riga an yi wa abin jana'iza ba.

Garanti kuma yana da ƙasa. Galibi shekara ɗaya ce, sai da rasit na asali, kuma a ƙasar da aka saya ko ta hannun dilan da kamfani ya amince da shi. Agogon da ɗan'uwa ya aiko daga Ingila, ko aka yo tsarabarsa daga Dubai ko Saudiyya, ko aka saya na hannu, a aikace ba shi da uba a nan. Ofishin Garmin mai kula da wannan ɓangare na Afirka yana Afirka ta Kudu. Daga Kademi zuwa can, kuɗin aikawa da jira kaɗai sun isa su sa mutum ya haƙura. Shi ya sa nake ganin darasin da Transsion, mai Tecno da Infinix da itel da Oraimo, ya koya wa kasuwa ya fi kowace talla: ya buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare a garuruwanmu, har da Kano. Kayansa ba su kai na Garmin ƙwarewa a awo ba, kusa ma ba su yi ba. Amma mutumin Gaya zai iya shiga mota da safe, ya ajiye abinsa a kan kanta, ya kalli wani ido da ido, ya dawo gida kafin magariba. Wannan ma wani ɓangare ne na ingancin kaya, ko da ba a rubuta shi a kwali ba.

Doka ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu cika neman ta ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai cika abin da aka ce zai yi ba cikin wata uku da karɓa, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun nan na ƙasan rasit, wai kaya in ya fita ba ya dawowa, bai fi ƙarfin doka ba. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Tun kafin waɗannan, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya yi bayanin mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye. Wanda ya sayar maka da agogo a kan yana da GPS alhali babu, ba sai an je ƙasar waje neman hedikwatar kowa ba. Mai shagon ne abokin maganarka.

Jihar Kano ta taɓa yin aiki da GPS a sikelin da ya fi na kowane mai gudu, kuma yadda aka yi shi abin dubawa ne. A yaƙin kawar da cutar shan inna, an gano cewa taswirorin da ake zanawa da hannu suna tsallake ƙauyuka da rugage. Daga wajen 2012 aka zana sababbi daga hotunan tauraro, aka fara ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS, tare da ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano. Wayar tana ajiye ɗigo duk bayan minti biyu. Da yamma a karɓe ta, a sauke bayanan, a yi mata caji, a duba unguwar da ba a taka ba, a koma washegari. Masu tsarin ba su ɗauka ɗigon daidai yake da ƙofar gida ba. Sun yanka gari gida-gida a taswira, kowane gida mita 50 a kan 50, abin da suke tambaya kawai shi ne ko ayari ya shiga wannan gidan na taswira. Wato sun san girman kuskuren, suka yi awon da ya fi shi faɗi. Kuma akwai mutum a kusa wanda aikinsa ne ya ga wayar ta yi aiki gobe. Yaro na ƙarshe da nau'in cutar na daji ya kama a Kano an same shi a Sumaila a Yulin 2014, a Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in. GPS ba ita ta ɗiga wa yara maganin ba, amma ta yi amfani saboda an san iyakarta kuma ba a bar ta ba mai kula.

Inda ba a san iyakar ba, abin yakan wuce wasa. Yanzu an fara zagaya gona da waya ko agogo don a san faɗinta, wajen neman bashin noma ko ciniki ko rabon gado. Gona mai mita 50 a kan 50 murabba'in mita 2,500 ce. In kowane gefe ya ƙaru da mita 5 kacal, ta zama 3,025, ƙarin kashi 21 cikin ɗari. Iya ƙanƙantar fili iya girman ɓarnar. A yi ƙiyasin taki da iri da shi, babu laifi. Amma a kafa iyaka tsakanin magada da agogon gudu, wannan neman rigima ne. Masu safiyo suna da na'urori na daban da ke gyara awonsu da tashoshin ƙasa, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, har su kai daidaiton santimita.

Su kansu masu shirya manyan tsere ba sa auna hanya da GPS. Tseren duniya na kilomita 42.195, da duk wanda hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta amince da shi, irin na Legas da aka fara a 2016 ko na kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, da keke ake auna su. Ana ɗaura wa ƙafar keken wani ɗan abin ƙirga juyi da Alan Jones ya ƙirƙira a 1971, a fara gwada shi a kan tazarar da aka auna da tef na ƙarfe, sannan a bi mafi gajeriyar hanyar da mai gudu zai iya bi, a ƙara mita ɗaya a kan kowace dubu don kada ta gaza. Shi ya sa agogon kusan kowa yake nuna fiye da 42.195 a ƙarshen tsere, kuma ba hanyar ce ta yi tsawo ba.

Wannan dabara ba ta fi ƙarfin kowace ƙungiyar ƙwallo ko malamin motsa jiki a Kademi ba. A ari tef ɗin magina, a sami miƙaƙƙiyar hanya a bayan gari, a auna mita 500, a kafa dutse a kowane ƙarshe. Ko a ɗaura ƙyalle a ƙafar keke, a auna juyi ɗaya, a tura shi ana ƙirgawa. Zuwa da dawowa sau biyu kilomita 2 ke nan. Duk wanda ya sayo agogo ya kawo shi nan a makon farko: ya haɗa shi da waya tukuna, ya kashe tattalin batir, ya tsaya har ya kama taurari sosai, ya yi gwajin a ranaku daban-daban. In ya nuna tsakanin 1.94 da 2.06, agogo ne lafiyayye, a daina zarginsa. In kullum yana ba da 1.8 ko 2.2 a wannan fili da ba abin da ya tare shi, a ɗauki hoton fuskarsa, a haɗa da rasit, a koma wa mai shago tun wata uku ba su cika ba. Mai shirin tantancewa kuwa ya riƙa auna kansa tsakanin duwatsun nan biyu da agogon lokaci kawai, don shi ne irin awon da zai tarar a can.

Ga masu shaguna a Farm Centre da Titin Beirut, ku riƙa faɗa wa mai saye gaskiya ko agogo yana da GPS na kansa ko na waya yake ara, ku rubuta masa a rasit. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Kano kuma ta leƙa waɗannan kwalaye kamar yadda take leƙa lalatattun kayan abinci da jabun magunguna, ta tilasta a cire harufan GPS daga kan duk agogon da ba shi da ita.